Kaset Ɗin Gwaji

Zuwa ga 'yata, 'Yar Batir,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki na ɗakin haɗa kiɗa. Mu nan lafiya lau, sai dai ƙafar mamanki da ke tashi duk ranar da hadari ya haɗo.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Wata huɗu ke nan ina kiran wayarki, tana ƙara har ta gaji ta tsinke. Ni mai gyara ne, na san wayar da ta lalace, na kuma san wadda ake zaune ana kallonta tana ƙara. Shi ya sa na ba yayanki direba wannan ya kawo miki hannu da hannu.

Mamanki ta ce in ba ki haƙuri kawai in yi shiru, amma bari in yi miki bayani tukuna. Kin turo mini waƙarki ta farko a waya, kin ce in faɗi gaskiya, na kuwa faɗa. Na ce hayaniya ce, kamar an zuba cokula a injin niƙa. Wataƙila maganar cokulan ta yi yawa, na yarda. Amma kunnen nan da kike fushi da shi, shekara talatin da biyu yana ciyar da gidanmu.

Kin san kaset ɗin gwajina, mai baƙin murfi da ke rataye a ƙusa bayan kujerata. Babu rediyo ko rikodar da ta taɓa fita daga shagona sai na sa mata waƙar nan ta cikinsa. Sarewa ce ke buɗe ta, sai ganga, sannan muryar matar da ke rerawa ta shigo a hankali. Idan sarewar ta yi rawa, na san bel ɗin da ke juya kaset ya saki. Idan gangar ta dishe, lasifika ce ta yage. Ina ɗan shekara goma sha uku waƙar ta yi mako goma sha ɗaya tana ta ɗaya a jerin waƙoƙin ranar Asabar, ni kuma ina liƙe a tagar shagon aski ina ji. Wanda ya tashi da irin wannan a kunne, ai ya san waƙa idan ya ji ta.

Ki ɗauki waya, don Allah. Mamanki na gaishe ki.

Babanki,
mai gyaran rediyo

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya aiki, ya gajiya? Yayanki ya ce kin karanta takardar a tsaye, kin ninke ta gida huɗu, kin tambaye shi ƙafar mamanki. Ni ba ki tambaya ba. Ba komai, na sake karanta kwafin da ya rage a littafina, ni ma da ni ne ba zan tambaya ba.

Wani abu ya faru ranar Talata. Tsohon malaminku na lissafi, wanda kuke kira Mai Alli, ya kawo rikodarsa tana cin zare. Na wanke mata kai, na canja bel, na sa kaset ɗin gwaji, na jingina ina jiran ya yaba. Sarewar ba ta gama ba ya ɗaga sandarsa ya ce in kashe masa wannan hayaniyar. Hayaniya fa, 'Yar Batir! Ya ce waƙa ta mutu tun kafin a yi wannan, ya zaro nasa kaset ɗin daga aljihu. Wani abu ne mai ja kamar tsohuwar mota a kan tudu, amma dattijon nan ya lumshe ido yana kaɗa kai. Na tambaye shi yaushe ta fito. Ya ce yana shekara goma sha huɗu, babu gidan da ba a rera ta.

Abin ya tsaya mini a rai. Kin san ni da naci. Duk wanda ya shigo shago a makon nan sai na tambaye shi waƙar da ta fi kowace, sannan in tambayi shekarunsa lokacin da ta yi tashe. Mai walda na maƙwabta, goma sha uku. Matar da ke sayar da magani, goma sha biyu, ta ma rera mini baiti guda tana rufe baki. Tela ne kaɗai ya ce shi sababbi yake so, amma da ya kunna mini su, duk tafiyarsu ɗaya da wata tsohuwar waƙa da yake bi da fito idan yana taka keken ɗinki. Kowa kuma ya rantse mini cewa bayan tasa aka daina waƙa.

Sai na tuna kakanki, Allah ya ji ƙansa. Ranar da ya same ni a tagar mai aski ya ja kunnena har gida, yana cewa na bar karatu ina sauraron shirme. Na yi kwana uku ban ci abincin kirki ba don haushi. Yaya aka yi na manta da wannan?

Na kuma tuna ke. Kina shekara goma sha uku akwai wata waƙa mai kiɗan dukan ƙirji da kike sawa a ƙaramar rediyon da na haɗa miki, kina share shago kina rawa da tsintsiya. Sau nawa na miƙa hannu na murɗe ta ba tare da na ɗago kai ba? Kiɗanki na yanzu jinin waccan ne. Ashe duk shekarun nan ba waƙa nake aunawa ba. Yadda nake gwada rediyo da kaset ɗin nan, haka nake gwada kowace waƙa da shi, wadda ba ta yi kama da shi ba in ce ta lalace.

Akwai abin da ban faɗa miki ba, kuma ina jin kunyarsa. Waƙarki minti huɗu ce, ni daƙiƙa arba'in na ji. Da ban ji sarewa ba sai na kashe, na kira ki na faɗi abin da na faɗa, na goge ta don wayata ta cika. Ki sake turo mini, zan zauna in ji.

Ki huta lafiya.

Babanki

'Yata,

Ina gaishe ki, ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ƙafar mamanki ta yi sauƙi, har ta taka zuwa kasuwa jiya.

Gwaggonki ta zo shago ranar Lahadi. Ko zama ba ta yi ba, ta tsaya a kaina ta wanke ni tas a gaban mai walda, yadda take yi tun muna yara. Ita ta gaya mini abin da ke cikin waƙar da na goge. Ta ce a minti na biyu kiɗan duka yana ɗaukewa, sai sarewa ta shigo ita kaɗai, da irin tafiyar tawa waƙar. Ta ce mako uku kika yi kina neman dattijon da zai iya busa ta haka, kina rera masa da baki abin da kika haddace a ƙarƙashin teburina tun kina rarrafe da batir a hannu. Ta ce saboda ni kika yi wurin, ni kika fara tura wa kafin kowa. Kuma washegarin kirana kika koma kika yanke shi, kika goge na asalin.

Na ɗauki ƙarfen dalma kamar zan yi aiki, na sake ajiye shi. Daƙiƙa tamanin, 'Yar Batir. Ni da nake kwana biyu a kan rediyon mutumin da ban sani ba ina neman waya ɗaya da ta tsinke, na kasa ba ki daƙiƙa tamanin. Na yi nadama, kuma babu wanda zan ɗora wa laifin.

Shekaranjiya da hantsi ina murɗa wata rediyo da na gama, sai na ji an ambaci sunanki. An ce waƙarki ta hau ta uku a jerin mako. Na rufe ƙofar shago na ji ta har ƙarshe. Ba zan yi miki ƙarya ba, farkonta har yanzu yana yi mini nauyi, kunnen tsoho ne. Amma muryarki a baiti na ƙarshe ta sa na cire tabarau. Yanzu haka wata yarinya 'yar shekara goma sha uku tana can tana rawa da tsintsiya, kuma nan da shekara arba'in za ta rantse cewa bayan taki aka daina waƙa.

Na sa yayanki ya saukar mini da ita, na juye ta a sabon kaset. Kin san na sha liƙa zaren kaset da jan farcen mamanki, na san yadda wurin haɗi yake a kunne. Naku aikin ya fi nawa tsafta nesa, amma na gano shi. A minti na biyu da daƙiƙa shida akwai wani da ya ja numfashi zai busa, sai kiɗa ya rufe shi. Ban sani ba ko mantawa kika yi ko bari kika yi, kuma ba zan tambaya ba.

Na sauke baƙin kaset daga ƙusa, naki ne a wurin. Jiya rediyo tara na gwada da shi, sau tara ina tsayawa da sukudireba a hannu idan an zo numfashin nan, ina jiran sarewar da na san ba za ta zo ba.

Ba na roƙon ki maido da ita, taki ce, ni na zubar. Ranar Asabar da la'asar zan kira. Ki ɗauka ki faɗi duk abin da ke ranki, ko zai kai awa guda. Ba zan kashe ba sai kin gama.

Naki,
Babanki