Ruwan da Ba Na Gani

Litinin, 3 ga Yuni

Layin ya sake faɗuwa da safe. Farantinmu na sadarwa da ke saman hasumiya da na ƙetaren fadama sun daina jin juna, unguwa guda ba waya. Oga ya ce wanda ya gano matsalar cikin watan nan shi zai riƙe sashenmu na gyara. Mu biyu ne, ni da Tabarau. Tare muka fara hawa ƙarfe da shi shekara goma sha tara da suka wuce. An tura shi kwas na wata shida, ya dawo yana magana kamar rediyo.

Talata, 4 ga Yuni

Na hau da azahar, na juya farantin kaɗan, na ɗaure. Sigina ta cika taf. Na sauko ina taku ɗai-ɗai don Tabarau ya gani.

Laraba, 5 ga Yuni

Ta faɗi ƙarfe shida na safe. Kash!

Juma'a, 7 ga Yuni

Yau Tabarau ya tara mu a kicin ɗin ofis wai zai nuna mana abu. Ya sa kofi biyu a maikurowef ɗin ɗumama abinci, ɗaya da ruwa, ɗaya wayam. Mai ruwan ya yi zafi, ɗayan ko a jikinsa. Wai ƙwayar ruwa mafi ƙanƙanta tana da gefe biyu masu caji daban, igiyar maikurowef, wadda ido ba ya gani, sai ta yi ta juya ta, a nan ƙarfin igiyar ke tafiya. Wai farantinmu ma irin igiyar yake aikawa, kuma gigahaz ashirin da uku da muke kai, wato saurin kaɗawar igiyar, yana dab da inda tururin ruwa ya fi sha. Da safe fadama na fitar da laima, nisan kuma ya yi yawa.

Na ce, "To Malam, yanzu iska ce ke cinye mana sigina? Da cokali ko da hannu?" Direba ya yi dariya. Oga bai yi ba, rubutu yake. Ban taɓa ganin ya rubuta maganata ba.

Har na isa gida rubutun nan nake tunani.

Asabar, 8 ga Yuni

Maman yara ta ce tun da na shigo sunan mutum ɗaya nake kira, ko in kai masa sadaki ne. Na ce ba hassada nake ba. Ta ce, "Ni na ce hassada?"

To, hassada ce. Na rubuta, ba mai gani. Da ni aka tura kwas ɗin nan da ni ke riƙe da kofi.

Laraba, 12 ga Yuni

Na sake hawa, na canza igiyar baya, na juya farantin. Tabarau yana ƙasa riƙe da igiyar tsarona, don ƙa'ida ce. Ya ɗaga murya ya ce, "Mutumina, sannu, amma rana ce ke gyara maka." Na ci gaba da ɗauri. Har ruwan sanyi ya miƙo mini da na sauko, wannan kirkin nasa ma haushi yake ba ni.

Litinin, 17 ga Yuni

Kwana biyar layi bai faɗi ba! Oga ya dafa kafaɗata gaban kowa, ya ce aikin hannu daban ne, zai kai sunana sama ranar Juma'a. Tabarau ya ce mini barka, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Sai dai kwana biyar ɗin nan iska a bushe take. Wankin Maman yara kafin hantsi yake bushewa. Na lura. Da ma ban lura ba.

Laraba, 19 ga Yuni

Na je bakin fadama da sassafe da na'urar awo, ba wanda ya aike ni. Laima ta dawo, rigata har ta yi danshi. Ina tsaye ina kallon lambar tana sauka, saura ƙiris layin ya yanke, rana na ɗagawa ta koma. Farantin yana nan yadda na ɗaure shi, ko motsi bai yi ba.

Ba wanda ya gani sai ni. In na yi shiru zuwa Juma'a kujera tawa ce. Randa aka yi ruwa kuma unguwa ta rasa waya, a ce wa ke riƙe da sashen?

Juma'a, 21 ga Yuni

Na shiga wajen Oga kafin ya aika takardar. Na ce a sauko da gigahaz ɗin ko a sa babban faranti, kamar yadda Tabarau ya faɗa. Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Ka san abin da wannan ke nufi?" Na ce na sani. Ya goge sunana a gabana.

Ban ce Tabarau ya fi ni ba, wannan ba zan faɗa ba har abada. Na ce dai a kan wannan ya yi daidai.

Da yamma ya zo ya tsaya bakin teburina yana murza hula. Na ce masa Litinin ya zo da kofunan nan nasa, akwai wurin juyawar ƙwayar ruwan da ban gane ba. Kuma ya yi a hankali, ban da Turanci.