Daɓen Ɗakin Inna

Laranto, Jos
12 ga Yuli, 1978

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya ƙafar Baba? A gaishe da Yaya Tabawa da yara. Ni lafiya lau, sai gwiwa da take ɗan damuna in an yi ruwa, ba wani abu ba ne.

Inna, na ce miki gini nake yi. Gaskiyar magana daɓe nake yi, na ji nauyin faɗa ne don a gida aikin mata ne. A nan tarazo ake ce masa, siminti ne da tsakuwa. Mukan yini a durƙushe muna gogewa har mutum ya ga fuskarsa a ciki.

Shekaranjiya muka gama wani gida a Rayfield bayan sati uku. Na cire takalmi zan shiga duba wata kusurwa, sai matar gidan ta ce in zagaya ta baya kada in ɓata mata. Maigidana Oga Romanus ya ce, "Shu'aibu, yi haƙuri, haka aikin yake." Na ɗauki takalmina na zagaya. Na dai tuna ku da maƙwabta, in daɓe ya bushe ku da kuka buga shi ku ne farkon zama a kai, kuna shan fura.

Na ji daɓen ɗakinki ya farfashe. Don Allah kada ki gayyato kowa. Ki tanadi makubar da za a shafe daɓen da ita, ki ajiye mini madaɓinki, ina tafe da Sallah in Allah ya yarda. Shekarata biyu a wannan aiki, ban taɓa zama a kan daɓen da na yi ba.

Ɗanki,
Shu'aibu