Na Ga Ramin, Ban Sauke Hannu Ba

Assalamu alaikum admin da sauran 'yan wannan zaure. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Jama'a don Allah ku ba ni shawara, kwana uku suka rage min, ni da na saba zama ina yi wa mutane fatawa yau ga shi na rasa ta kaina.

Ni malamin sakandire ne, shekarata hamsin da biyu, haifaffen Koki. Shekara uku da suka wuce likita ya ce jinina ya hau, in dai ba so nake na kwanta ba to na rage gishiri na dinga motsa jiki. Gishirin dai har yau muna fama da uwargida, amma motsa jikin na kama, na sayi keken tsere na gwanjo, irin mai siririyar tayar nan da ake hawa a duƙe, na shiga cikin wasu dattawa da ke fita bayan sallar asuba duk Asabar da Lahadi. Mu tara ne, kowa da abin da ya koro shi, masu suga, masu hawan jini, da masu tumbin da ya hana su ganin yatsun ƙafarsu. Muna haɗuwa wajen Ƙofar Mata, mu miƙi titi mu fita bayan gari, mu dawo kafin rana ta ɗaga. Da farko 'yan unguwa dariya suke mana, wai tsofai-tsofai da hular kwano, daga baya da suka ga tumbi yana sauka sai suka koma tambayar nawa ake sayar da keken.

Sai na ɗan yi muku bayanin yadda ake wannan tafiyar, don a nan maganar take. A layi ɗaya muke jerawa, tayar gabanka kusan tana shafar tayar bayan wanda ke gabanka, saboda na gaba shi ke tare iska, na baya su samu sauƙi. To a haka ba ka ganin titi, bayan mutum kawai kake gani. Shi ya sa muke da ƙa'ida guda ɗaya da ba a wasa da ita, duk wanda ke jan layi in ya hango rami ko dutse zai sauke hannu ɗaya ya nuna ƙasa ta ɓangaren da abin yake, na bayansa ya sauke nasa, haka har ya kai ga na ƙarshe. Wanda ya kafa mana wannan ƙa'idar shi ne shugabanmu Alhaji Modu, ɗan Kabara, asalin gidansu Barno, mai shagon turare. Kullum kafin mu tashi sai ya maimaita cewa ran na bayanka a hannunka yake, har mun haddace muna kwaikwayonsa.

Lafiya lau muke har aka kai wani ƙudurin doka majalisa, na inshorar lafiya ga 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, wai mutum ya dinga biyan wani ɗan abu duk wata, in ciwo ya zo a duba shi. Shi ke nan fa, Shaiɗan ya samu wurin zama a cikinmu. Huɗu suna jam'iyyar da ta kawo ƙudurin, Alhaji Modu ne babbansu, su a wurinsu wannan doka ita ce za ta hana talaka mutuwa. Huɗu suna ɗaya jam'iyyar, su kuma a wurinsu sabon haraji ne aka yi wa ado, hanyar sata ce kawai. Babban mai bakin wannan ɓangaren shi ne amini na Malam Sani, marini a karofi, wanda tun firamare muke tare, ni na yi masa babban aboki ranar aurensa. Ni ne na taran, ba ni da jam'iyya, kuma ba na ɓoye wa kowa cewa kallon sakarkaru nake musu su duka.

Kuma wallahi ina da hujja. Irin wannan ƙudurin a baya 'yan ɓangaren su Sani ne suka taɓa kawo shi, lokacin Sani har rantsuwa yake cewa alheri ne, Alhaji Modu kuwa yana cewa haraji ne. Yanzu da kujera ta juya sai suka yi musayar baki kamar masu musayar riga, ko kunya babu. Na taɓa ɗaukar nauyi na bugo ƙudurin gaba ɗaya a takarda na kawo musu, na ce to ga shi, kowa ya karanta ya nuna min layin da yake so ko yake ƙi. Ba wanda ya wuce shafin farko, ƙarshenta da takardun aka goge baƙin man sarƙa. Abin da sojojin baka suka faɗa a rediyo da daddare shi za su zo su amayar mana da safe, kalma da kalma, har da irin dariyar. 'Yan siyasar da ko sunan mutanen nan ba su sani ba, waɗanda in kansu ya yi ciwo jirgi suke hawa, a kansu dattawa masu jikoki suke tada jijiyar wuya. Mun zo rage hawan jini mun koma muna ƙara wa juna, tir.

Abin ya kai har layin ma ya rabu. Ba wanda ya tsara, kawai sai aka wayi gari mutanen Alhaji Modu su huɗu suna gaba, su Sani su huɗu suna baya, ni a tsakiya kamar katangar da ta raba gidan gado. Har daɗi abin yake min, ina jin ni ne mai hankalin.

Asabar uku da suka wuce muna dawowa, Sani yana bayana daf, tun da muka juyo bakinsa bai rufe ba. Yana haki yana ɗaga murya don na gaba su ji, wai ɓarayi, wai an shirya cinye kuɗin marayu, wai duk mai goyon bayan dokar nan ko dai an saye shi ko ba shi da kai. Kusan minti ashirin a cikin kunnena. Na ce masa Sani ka bari mu isa gida, ya ce ai irina ne suka fi kowa illa, 'yan ba-ruwanmu, matsorata masu fakewa da boko. Maganar ta soke ni, ba zan yi ƙarya ba. Ana cikin haka na ga hannun Alhaji Modu ya sauka ta hagu, na biyu ya sauke, na uku, na huɗu. Da idona na gani. Na karkata na kauce, amma hannuna bai bar kan keken ba. Ba mantuwa na yi ba jama'a, a raina cewa na yi bari ya ɗan daki ramin ya girgiza, ko ya ciji harshensa mu huta. Na zaci irin ƙananan ramukan nan ne da muka saba. Ashe ruwan sama ya zaizaye wurin ya yi zurfi, tayarsa ta gaba ta shige gaba ɗaya, na ji ƙara a bayana, ko da na waiwaya Sani yana kwance a kan kwalta, keken yana gefe, na bayansa biyu sun zube a kansa.

Ya karye a kafaɗa da tsintsiyar hannun dama, ba don hular kwano ba da yanzu wani zancen ake. Marini ne fa, da wannan hannun yake tsoma yadi a ruwan baba yana ɗagawa tun yana saurayi, da shi yake ciyar da mutum goma sha ɗaya. Likitan ƙashi ya ce zai warke amma bai yi alƙawarin hannun zai koma ɗaukar jiƙaƙƙen yadi kamar da ba. A bakin titin da aka tambaye ni me ya faru, sai na ji bakina yana cewa abin ya zo da sauri, ban lura ba.

To ku ji inda sakarcin ya kai. Sani ya ce shi bai ga an nuna masa rami ba, kuma gaskiya ya faɗa. Na gaba su huɗu suka ce wallahi sun nuna, su ma gaskiya suka faɗa. Ɗan aji ɗaya in ka ba shi wannan lissafin zai gaya maka inda saƙon ya maƙale, mutum ɗaya ne a tsakani. Amma da yake siyasa ta cinye musu ƙwaƙwalwa, ba wanda ya ko kalle ni. 'Yan baya suka yanke cewa da gangan Alhaji Modu da mutanensa suka ƙi nunawa don a rufe bakin Sani, 'yan gaba suka ce Sani ne surutu ya hana shi kallon gabansa, yanzu yana neman wanda zai shafa wa. Kafin azahar magana ta bar hannunmu, saƙon murya yana yawo a wayoyin mutane wai an yi yunƙurin kashe ɗan adawa a kan dokar lafiya. Wasu da ko keke ba su iya hawa ba suna ba da labarin kamar a gabansu aka yi.

A asibiti kuwa na ga abin da ya fi wannan ban haushi. Wani ɗan kanzagin jam'iyyar su Sani ya zo da lemo leda ɗaya da masu ɗaukar hoto biyu, ya dafa kafaɗar da ta karye don hoton ya yi kyau, Sani yana cije baki yana murmushi. Su kuma 'yan ɗaya ɓangaren suna can suna yaɗawa cewa da an bar dokar ta wuce ai da kyauta za a yi masa ɗori, Allah ne ya nuna masa. Dokar da ake wannan haukan a kanta tana nan a majalisa ko karatu na biyu ba ta tsallake ba, an tafi hutu. Ina tsaye ina kallonsu ina tsaki a raina, sai na tuna wanda ya kwantar da mutumin a gadon, tsakin ya maƙale min.

Alhaji Modu ya zo dubiya sau biyu, ƙannen Sani suka tare shi a ƙofa suka ce ya koma. Dattijo mai shekara sittin da ɗoriya, mahaddaci, yanzu in ya shiga masallaci ana nuna shi da baki, wasu sun daina shiga shagonsa. Shekaranjiya na gamu da shi a hanya, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya ce Malam kai dai Allah ya tsare ka, ka kauce wa ramin nan sarai. Daga nan ya yi min sallama ya wuce. Tun lokacin abinci ba ya min daɗi, ban sani ba ko addu'a ya yi min ko tambaya.

Yanzu ƙannen Sani sun ce sai an je kotu an nemi diyyar hannu. Limamin unguwarsu ya roƙa a fara zama a zauren gidan Sani ranar Asabar ɗin nan bayan la'asar, kuma ɓangarorin biyu, waɗanda wata shida ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, sun haɗu a kan abu ɗaya, wai ni za a tambaya, tunda ni ne ba ni da jam'iyya, ni ne mai gaskiyar. Liman ya ce in ta kama za a ɗauko Alƙur'ani.

Na san wasu za su ce ai abin a fili yake, ka faɗi gaskiya. Na sani, ni ma abin da zan rubuta wa wani ke nan. Amma in na ce ban lura ba, Alhaji Modu zai mutu da tabon abin da bai yi ba. In na ce an nuna ni ne na manta, na wanke shi amma da wata ƙaryar, kuma wataƙila da hannuna a kan Littafi. In kuwa na faɗe ta yadda take, to na gaya wa mutumin da muka yi shekara arba'in da biyar tare cewa na ga ramin na bar shi ya faɗa, saboda ya ce min matsoraci. Matarsa kullum sai ta aiko a yi min godiyar zirga-zirgar asibiti, 'yarsa ta fari sunan mahaifiyata aka sa mata. Ko uwargidana ban iya gaya wa ba.

Malaman da ke cikin zauren nan, diyyar hannun nan a kaina take? Kuma na same shi shi kaɗai kafin Asabar, ko na bari sai a gaban jama'a tunda a gaban jama'a aka ɓata Alhaji Modu? Ko na fara zuwa wurin Alhajin? Masu zagi ku zaga, ba za ku faɗi abin da ban faɗa wa kaina ba, amma bayan zagin don Allah ku gaya min ta inda zan fara.

Jiya da na je duba shi na tarar an cire masa ɗaurin kafaɗa, yana ta murna. Ya kamo ni da hannun hagun ya ce in Allah ya ba shi lafiya zai koma hawa keke ko don maƙiya, amma ya yi rantsuwa ba zai ƙara bin bayan kowa ba a duniyar nan sai bayana.