Muryar Layan

Daga Damagaram
Zuwa ga Yaya Ousmane, Sharafiyya, Jidda

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Inna tana gaishe ka. Na ba Alhaji Bello wannan takarda da zai zo Umara, tunda ka daina ɗaukar wayata.

Yaya, abu ɗaya nake roƙo. Ka tuna fim ɗin zanen Japan na yarinya mai gadin fitilar bakin teku, wanda ka juya da Hausa a bayan shagonka, ka buga a faifai kana turowa Nijar? 'Yata Layan ce ta yi muryar yarinyar. Tun da Allah ya karɓe ta, aka kuma koro ni gida saboda iƙamata, takardar izinin zama, ta mutu, ba ni da komai nata sai hoto. Muryarta ta fara ɓace mini, wallahi abin yana ba ni tsoro.

Ga Inna ido ya tafi, kuma ba ta taɓa jin jikarta ba. Ka san Layan ba ta yarda ta yi magana a waya, kunyar Hausarta take ji. Na zagaye kasuwa ban samu faifan ba. Don Allah ka aiko mini ko guda ɗaya.

Ƙanwarka, Safia

*

Daga Sharafiyya

Safia, wa alaikumus salam. Muna lafiya, ki gaida Inna.

Ke har yanzu a zamanin faifai kike? Yanzu fim ɗin Japan a sinima ake haska shi, kafin ka juya ya sauko waya. Ni kaina murfin waya da caja nake sayarwa. Duk da haka na sa an tono kwalin da ke ƙarƙashin bene, an sami ɗaya, ga shi nan hannun Bello.

Halas, magana ta ƙare. Kada ki sake turo mini mutum yana karanta mini kukanki a gaban masu sayayya.

Yayanki, Ousmane

*

Daga Damagaram

Yaya, salamu alaikum. Saƙo ya iso, na gode.

Na aro na'ura a maƙwabta, na yi shara, na shimfiɗa tabarma. Na zaunar da Inna dab da talabijin, mata suka cika tsakar gida. Da yarinyar ta buɗe baki sai na ji ba muryar Layan ba ce. Wata ce daban, mai Hausa tas kamar 'yar rediyo. Inna tana ta jan hannuna tana cewa, "Ita ce? Ita ce?" Na ce mata wuta ce ta yi ƙasa, na kashe.

Wace ce wannan, Yaya? Ina ka kai muryar 'yata?

Ina jiran amsa. Safia

*

Daga Sharafiyya

Safia, salam.

Tunda kin matsa, bari ki ji. Bugun farko bai sayu ba. Dillalan Maradi sun dawo mini da shi, sun ce yara dariya suke yi wa yarinyar, wai tana magana kamar da dabino a bakinta, rabi Hausa rabi Larabci. Gaskiyarsu ce kuma, ke kika bar ta ta tashi haka. Na samo 'yar wani Bakano mai dako a tashar jiragen ruwa, ta sake yi, muka ɗora a kan na farkon. Na'urar ba ta da wurin ajiye biyu. Waɗanda aka dawo da su kuwa na zuba a bola, don kafilina, Balaraben da shagon yake da sunansa, ya ce sun cika masa shago.

Sana'a nake yi, ba makoki ba. Lokacin tana raye, wa ya san za ta mutu?

Amma don ki san ni ba mugu ba ne, ki duba can ƙarshe, inda fitilar ta kama yarinyar ta yi dariya. Wannan ban taɓa shi ba, dariya ba ta da yare. Ki saka wa Inna, ki bar ni in huta.

Yayanki, Ousmane

*

Daga Damagaram

Yaya, salamu alaikum.

Ka manta ina zaune a wurin ranar da aka ɗauki muryar. Ka daka wa Layan tsawa har ta kasa dariyar, ta fita tana kuka, ka ce yalla, a wuce, a bar dariyar 'yar Japan ɗin yadda take.

Bello ya karanta wa Inna takardarka kafin in dawo daga kasuwa, ƙarshen kawai, don yana da tausayi. Yanzu kullum sai ta ce a saka mata dariyar jikarta. Tana kuka, tana sa maka albarka, ta ce kai ne ka riƙe zumunci. Ni nake danna mata.

Ta ce in isar maka da albarkar. Na isar.

Safia