Awon Iskar da Na Goge

Zuwa ga Kawu Zaharadden, unguwar Sa'alaba.

Assalamu alaikum. Ina gaida Kawu da Inna Zakiya. Babu sabis a tsakiyar tekun nan, sai dai in ba jirgin da ke kawo mana abinci wasiƙa.

Kawu, na kasa zaune na kasa tsaye. Aikina kula da hasumiyar da ke auna iska, don kamfani ya san ko injinan farfela za su ba da lantarki a nan. Kwana ashirin ruwa na kwance lumui, rigata ko motsi ba ta yi, amma na'urar ƙololuwa tana cewa iska na gudu. Na ɗauka ta lalace, na goge awonta. Yanzu injiniya ya duba ragowar, ya ce wurin ba iska, za a rufe aikin. Mu goma sha ɗaya iƙamarmu, wato takardar izinin zama a ƙasar, na hannun kamfanin nan.

Ɗanka, Na'ibi.

Na'ibi,

Wa alaikumus salam, muna lafiya. Ka ba ni dariya kafin ka ba ni haushi. Shekara talatin na yi ina su a tekun nan. In iskar hamada mai zafi ta hau kan ruwa mai sanyi, ba ta gaurayuwa da ta ƙasa. Ta ƙasa ta kwanta, ta sama ta yi ta tsala gudu ba mai tare ta. Muna zufa a kwalekwale, tsuntsaye can sama na fama. Na'ura lafiyarta ƙalau, kai ne ka auna iska da rigarka. Yalla, maza je ka faɗa wa injiniya.

Allah ya yi maka albarka. Kawunka.

Kawu,

Barka da war haka. In na faɗa, korata za a yi. In na yi shiru, duka za mu tafi, amma ba wanda zai san ni ne. Sau uku ina zuwa ƙofar ofishinsa ina juyowa. Bilal, abokin aikina, sai nuna mini hoton jaririyarsa yake. Wallahi tsoro nake ji.

Na'ibi.

Kawu,

Ina gaisuwa. Na faɗa masa. Za a sake awo na wata shida, mutum goma sun tsira da aikinsu. Ni kuwa halas, tawa ta ƙare, an sallame ni, jirgin Alhamis zai sauke ni, kafili, mai riƙe da iƙamata, ya ba ni kwana sittin in bar ƙasar.

Kada a gaya wa Inna, da bakina zan faɗa mata.

Ɗanka, Na'ibi.