Ni Na Ƙona Inabin Baba, Maƙwabciya Aka Toshe Wa Rariya

Malam Nasidi, don Allah ka ba ni shawara, kuma ka sakaya sunana. Wata biyu ke nan kunya ta hana ni haɗa ido da mahaifiyata.

A gidanmu na Ƙofar Galadima akwai inabin da marigayi Baba ya dasa, ya yi masa rumfa a tsakar gida. Duk shekara mahaifiyata Hajiya kan raba 'ya'yan ga maƙwabta, sadaka gare shi. Kwanon farko na Gwaggo Ummukulsum ne, wadda katanga ɗaya ta raba mu. Shekara ɗaya aka kawo su aure unguwar nan ita da Hajiya.

Da ranin bana famfo ya ɗauke, sai ni ɗan boko na ce na san dabara. Na huda gwangwanayen madara da ƙusa, na binne a gindin inabin, ruwa ya riƙa ɗiga kaɗan-kaɗan. Har cika baki na yi cewa haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba. Abin da ban faɗa wa kowa ba, don in rage wa gida ruwan sha, daga tsohuwar rijiyar bayan gida nake ɗiba. Zartsi gare ta, ko akuya sai ta matsu take sha.

Ba a jima ba gefen ganyen ya fara ƙonewa, 'ya'yan suka tsaya kamar gujiya, ƙasar ta yi fari-fari. Hajiya ta duba ta ce ruwan sabulun Gwaggo ne, domin rariyarta ta gidanmu take bi, dab da inabin. Ina tsaye aka yi cacar baki ta kan katanga. Ina tsaye aka kira magini ya toshe rariyar. Malam, ko tari ban yi ba.

Daga baya na kai wa wani abokina ma'aikacin gona ganyen da ƙasar. Ya ɗanɗana, ya ce gishiri ne: ruwa kaɗan rana ke shanyewa, gishirin ya taru a saiwa. Na tone gwangwanayen a ɓoye. Yanzu tsofaffin nan ba sa gaisawa, ruwan wankin Gwaggo kuma kwanciya yake a gindin katangarta ta ƙasa. Shekaranjiya ta tare ni a zaure ta sa mini albarka, wai ni kaɗai ne ban zage ta ba. Yaya zan yi?

Naka, Mai Gwangwani, Zariya.

AMSA

Mai Gwangwani, niyyarka ba ta da laifi. Tattalin ruwa abu ne mai kyau, kuma dabarar tana aiki idan ruwan mai daɗi ne. Hajiya ma kada a ga baƙinta da yawa: ba ganye take wa faɗa ba, mijinta take tunawa. Laifinka shirun nan ne, kuma kullum girma yake.

Inabin da sauƙi. Ka daina ba shi ruwan rijiyar, ka kankare farar ƙasar, ka yi masa ban ruwa mai yawa da ruwa mai daɗi ko da sau ɗaya a mako, ka lulluɓe gindin da ciyawa.

Amma ga abin da ba ka hango ba. Damina ta kusa. Ruwan sama zai wanke gishirin, mai yiwuwa inabin ya farfaɗo, Hajiya kuma ta ce ai toshe rariya ne ya warkar da shi. Daga ranar ko ka rantse ba mai yarda. Wannan ruwan dai shi zai taru a gidan Gwaggo ya kwantar mata da katanga.

Saboda haka ka samu Hajiya ita kaɗai, ka kai mata gwangwani ɗaya da kofin ruwan rijiyar ta kurɓa. Za ta yi faɗa, ka sunkuya ka sha faɗan. Rariyar kuma kada ka kira magini, ka ɗauki diga ka buɗe da hannunka, unguwa na kallo. Sannan ka shiga ka durƙusa wa Gwaggo, ka gaya mata albarkar da ta sa maka ba ka cancance ta ba tukuna.

Ka yi wannan kafin hadarin farko ya haɗu. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya jiƙan Baba, ya sa kwanon farko na baɗi ya koma inda ya saba zuwa.

Malam Nasidi