Giyar da Baffa ya ce

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu ma lafiya lau, ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fita tsakar gida shan hantsi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar ɗanka Dogo, ɗan wajena. Tun zuwan da ka yi kuka fita da motar janye ku biyu, yaron nan ba shi da zance sai naka. Shekaranjiya mun ɗauro wata babbar mota da ta mutu, muka doshi hawan bayan kasuwa yana tuƙi ina gefensa. Injin na fara nishi ya sauke giya ɗaya, ya sassauta totur, motar ta haye sumul babu baƙin hayaƙi. Sai ya juyo yana karanta mini cewa Baffa ya ce babbar giya ba ita ce tsimin mai ba in ana jan kaya, don ƙafa za ta nutse a totur, dizal ya tafi a hayaƙi. Ƙarama kuma ihu ne kawai da zuƙar tanki. Wai a nemi inda inji ke magana a hankali. Ni yake gaya wa!

Wallahi kishi ya kama ni, ba zan ɓoye maka ba. Tun ƙafarsa ba ta kai kuloci ba nake faɗa masa wannan magana, tana shiga ta dama tana fita ta hagu. Kai ka zo da farin gilashi da ƙamshin turare ka faɗa sau ɗaya, ta zauna daram. Lallai mai wuri ya zama ɗan kallo. Yanzu har ya fara gaya wa uwarsa wai wajenka zai koma ya ƙware, ita kuma tana ta hawaye a ɗaki.

Girma ya hana ni roƙonsa da bakina. Amma in ya kira ka, don zumunci ka gaya masa wanda ya ɗora hannunka a kan giya, a wannan hawan, ranar da ka kusa kashe mana inji. Kuma ka ce ya zauna. Ƙwarewar da yake nema tana kujerar gefensa.

Ka gaida amarya, da Auta, da 'yan biyu. Inna na sa maka albarka.

Naka yayanka,
Direban janye